Zuwa Ga Raccah Rovers, Wadda Har Yau Ba a Yi Wa Fim Ba

Ya ke Raccah,

Dalilin rubuto miki wannan takarda wani fim ne da mutanen Norwe suka yi wa 'yarsu Sonja Henie. Ita ba ƙwallo ta buga ba. Sana'arta zamiya a kan ƙanƙara: a ɗaura takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasansa, a shiga filin da ruwa ya daskare, a yi ta juyi da tsalle ana bin kiɗa, alƙalai suna ba da maki. Wasa ne da Bakano ba zai gan shi ba sai a talabijin. Amma tun da labarin fim ɗin ya iso gare ni, ke ce kike ta faɗo mini a rai, ke da unguwannin masana'antunmu na Bompai da Sharada da Challawa.

Bari in ba ki labarinta kaɗan, don ki ga inda na dosa. An haife ta a Oslo a 1912. Tana 'yar shekara 11 aka kai ta gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Chamonix ta ƙasar Faransa, a 1924, ta zo ta ƙarshe cikin mata takwas. Shekara uku bayan nan ta ci gasar duniya, ta kuma riƙe kambin shekara goma a jere, daga 1927 zuwa 1936. Zinaren Olamfik sau uku ta ɗauke shi: 1928 da 1932 da 1936. Daga nan ta tsallaka Amurka, kamfanin 20th Century Fox ya sa ta a finafinai, ta shiga sahun matan da suka fi kowa karɓar kuɗi a Hollywood. Sankarar jini ce ta yi ajalinta a 1969, a cikin jirgin sama tsakanin Faris da Oslo. Kusan shekara hamsin da rasuwarta, a 2018, wata darakta mai suna Anne Sewitsky ta fito da fim ɗin rayuwarta, Ine Marie Wilmann ta fito a matsayinta. Kuma ba su yi mata kwalliya ba. Sun nuna ta da zafin rai da son kuɗi da shaye-shaye, da yadda ta riƙa ɓata wa 'yan gidansu. Tarihi ma bai manta mata kusancin da ta yi da Hitila a 1936 ba, abin da ya tsaya wa 'yan ƙasarta a rai bayan Jamus ta mamaye Norwe a 1940. Da kyanta da muninta suka karɓe ta, suka ce tasu ce. Mutanen Norwe gaba ɗayansu ba su kai mutanen jihar Kano yawa ba.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin mahaifinta ne, Wilhelm Henie. Attajiri ne mai cinikin fatu masu gashi, irin waɗanda Turawa ke ɗinka rigunan sanyi da su, kuma shi kansa ya taɓa cin gasar tseren keke ta duniya a 1894. Kuɗin fata ne ya ɗauko wa yarinyar malamai, ya biya mata jirgi da masauki daga wannan gasa zuwa waccan. Baiwa daga Allah take, babu musu. Amma a bayan tauraruwar akwai kanti da sito da ma'aikata da ba a taɓa tafa musu ba.

To ke ma haka ne, Raccah, sai dai naki ya fi faɗi. Sunan da kika ɗauka na gidan kasuwanci ne, gidan Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus da ya zauna a Kano ya yi suna a cinikin gyaɗa, a zamanin da Alhassan Ɗantata da manyan kamfanonin Turawa ke tara buhuna har su zama dala. Tun da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko a 1912, gyaɗa da fata suka riƙe garin. Kuɗin gyaɗa ya haifi matatsun mai a Bompai, daga su aka samu masaƙu, da masu yin kwanukan tasa da fanteka, da alawa, da takalmi, da masu haɗa keken Rali. Da Bompai ta cika aka yanka Sharada kashi-kashi, sannan aka nausa Challawa, inda manyan majemu suka yi sansani a kusa da kogi. A wancan lokacin in an cire Ikko, babu garin da ya kai Kano hayaƙin masana'anta a ƙasar nan.

Ƙwallon wancan zamani kuma a gindin ma'aikata ta tsiro. A Ikko akwai Stationery Stores ta Israel Adebajo, mai cinikin takardu. A Ibadan akwai IICC, a Binin akwai Bendel Insurance, a Kaduna akwai DIC Bees ta kamfanin ƙera makamai da UNTL ta masaƙa. A nan gida akwai WRECA ta hukumar gina madatsun ruwa, da ta Bankin Arewa. Sau da yawa ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa yana cikin takardar albashi, in ƙafa ta gaji yana da teburi ko sito da zai koma. Duk inda injin yake juyawa, akwai rarar da za a saya wa samari riga da takalmi da man mota zuwa Inugu.

Ga abin da kika yi, don yaran yanzu su ji. An fara gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta ɗauki ta farko. Daga nan kofin ya koma kudu ya zauna, yana yawo tsakanin Bendel Insurance da Rangers ta Inugu da IICC. A 1977 kika kai wasan ƙarshe na kofin Challenge, IICC ta tafi da shi. A 1978 kika ɗauke lig ɗin gaba ɗaya, a gaban Rangers ɗin Christian Chukwu da IICC ɗin Segun Odegbami da Muda Lawal, a shekarun da ƙungiyoyin nan biyu ke cin kofunan Afirka. Shekarar da ta biyo kika wakilci Najeriya a gasar zakarun nahiya, kika kai zagayen ƙungiyoyi takwas, inda US Gorée ta Senigal ta tsayar da ke. Da Green Eagles ta ci kofin Afirka a Ikko a 1980, akwai waɗanda suka sa rigarki a cikin tawagar: Shefiu Mohammed, da Felix Owolabi wanda ya bi ta hannunki kafin ya koma Ibadan.

Sai kuma ranar 26 ga Afrilu, 1978, a Kaduna. Ƙungiyar Fluminense ta Burazil ta zo rangadi Najeriya, aka haɗa ta da ke. Pele, wanda ya yi ritaya watanni kaɗan kafin nan, yana ƙasar a lokacin, sai ya karɓi rigar Fluminense, ƙungiyar da ba tasa ba, ya shiga fili ya buga wani sashe na wasan. Sun ci biyu, kin ci ɗaya. Har gobe magoya bayan Fluminense suna ba da labarin ranar da Pele ya sa rigarsu, kuma duk sanda suka ba da shi dole su ambaci sunanki. Wato a birnin Rio ana tuna ki saboda rana guda. A Kano kuwa, ka shiga gidan kallon ƙwallo a Kurna ko Ɗorayi ka ce "Raccah Rovers", samarin da za su lissafa maka 'yan wasan Arsenal har da na benci sai su yi ta kallonka. Suna kiran ɗan ƙwallon garin nan Rabi'u Ali da Pele, don ƙauna, ba su san cewa Pelen gaske ya taɓa tsayawa a fili ɗaya da 'yan ƙwallon garinsu ba. Ban ga laifinsu ba. Wa ya gaya musu?

Mahaifina ma'aikacin wata masaƙa ne a Bompai, kuma daga bakinsa na fara jin sunanki. Abin da na lura, bai taɓa ba da labarinki shi kaɗai ba. In ya fara da ƙwallo sai ya gangara kan jiniyar tashi daga aiki, da yadda kekuna ke fitowa daga ƙofofin kamfanoni su cika titi har mota ta rasa hanya, da masu kosai da masu shayi da ke jiran 'yan aikin dare, da ƙarin albashin Udoji da ya sa leburori suka sayi rediyo da babur a 1975. Ranar wasa, a cewarsa, mutum zai roƙi abokin aiki ya riƙe masa injin, ya wanke auduga daga gashin kansa, ya taka keke zuwa filin Sabon Gari. Wanda bai samu shiga ba ya manna kunne a rediyo. Waɗannan su ne 'yan kallonki: gardawa da suka baro tsangaya suka koyi saƙa da injin, manoma 'yan cirani da suka zo rani ɗaya suka zauna, kanikawa, direbobi, masu gadi, akawuna. Kuɗin tikitinsu daga gumin Bompai ya fito.

Ke kika riga tafiya. Cikin shekarun 1980 sunanki ya fita daga teburin gasa, kuma ba ke kaɗai ba, don a 1987 aka rushe Leventis United da Abiola Babes suna tsakiyar tashe. Masana'antun suka bi bayanki ɗaya bayan ɗaya. Gyaɗa dama ta riga ta durƙushe tun farin 1973 da cutar da ta cinye gonaki a 1975. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu a 1982, kayan gyaran injin suka yi wuyar shigowa. A 1986 Babangida ya kawo tsarin tattalin arziki na SAP, naira ta karye, wanda ya ci bashin dala ya sayo injin ya wayi gari bashin ya ninka. Wutar NEPA ta zama sai an gani, baƙin man da masaƙu ke dafa tukunya da shi ya yi tsada, ya yi ƙaranci. Sannan atamfa da shaddar ƙasar Sin suka kwararo, ta halal da ta fasa-ƙwauri, har Kantin Kwari da aka san shi da yadin gida ya koma sayar da na waje. Masaƙar Bagauda ta Isyaku Rabi'u da masaƙar Gaskiya ta Nababa Badamasi, waɗanda 'yan gari suka kafa da kuɗinsu, duk injinansu sun yi shiru. Inda mahaifina ya yi aiki, takarda aka liƙa a ƙofa. Ya yi shekaru yana zaryar haƙƙinsa na sallama, har ya daina zancen.

Ba na cewa unguwannin nan sun mutu. Ana narka roba a Sharada, ana yin buhu da tabarma da takalmi, ana sarrafa shinkafa da kayan abinci, majemun Challawa suna fitar da fata zuwa Turai. Akwai masu ƙoƙari, kuma suna shan wuya, musamman tun da aka ɗaga kuɗin wutar manyan layuka a Afrilun 2024 ya ninka fiye da sau uku. Amma kamfanin da rabin ribarsa ke tafiya a bakin janareto ba zai ɗauki nauyin ƙungiyar ƙwallo ba. Shi ya sa da aka tashi kafa Kano Pillars a 1990, sai da gwamnati ta tattara WRECA da Golden Stars da ƙungiyar Bankin Arewa ta haɗe su wuri guda. Pillars ta fitar da mu kunya, Allah ya saka mata. Amma sai a 2008 kofin lig ya sake kwana a Kano. Shekara talatin cif tsakaninki da ita, kuma a cikin shekarun nan ne ƙwallon garin ta tashi daga hannun masu masana'anta ta koma jiran kasafin gwamnati.

Na san za a ce mini kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na yarda akwai wannan. Amma mutanen Norwe ba don suna cikin wahala suka tuna da Sonja ba. Sun tuna da ita ne don sun ɗauka cewa yaron da bai san waɗanda suka riga shi ba, zai yi zaton ba a taɓa yin komai a garinsu ba. Wannan zaton shi nake gani a idon samarinmu, kuma shi ne yake damuna fiye da rufaffun ƙofofin Bompai.

Da can muna da hanyarmu ta ajiye gwarzo. Shago ɗan dambe ne, ya yi zamaninsa ya wuce, amma saboda Ɗan Anace ya yi masa waƙa, yaron da bai taɓa zuwa fagen dambe ba ya san sunansa da irin bugunsa. Makaɗi shi ne mai ɗaukar hotonmu. Ke kuwa kin faɗo a tsakani: zamanin kalangu ya fara ja da baya, zamanin kyamara bai gama zama ba. Gidan talabijin na CTV sai a 1982 gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe shi, bayan kin gama cin kofinki. Finafinan bidiyo na Hausa kuma sai a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta buɗe musu ƙofa da fim ɗin Turmin Danya.

Yau babu wannan uzurin. Kano ce cibiyar finafinan Hausa. Akwai daraktoci da suka iya aiki, akwai kyamarori masu kyau, akwai masu kallo daga Maraɗi har Kumasi har Jidda da ke bin fim mai dogon zango mako-mako a wayarsu. Tun Janairun 2024 ɗan cikin gida, Ali Nuhu, shi ne shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya. Kuma daga ofisoshin 'yan fim na titin Gidan Zu zuwa Sharada tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita. Ba na raina labarin soyayya da rikicin gado da kishiya, rayuwarmu ce, ni ma ina kallo. Amma ina mamakin yadda furodusa zai wuce katangar masaƙar da ta ciyar da dubban gidaje, ya tafi hayar katafaren gida a unguwar masu kuɗi don ya ɗauki labarin da aka riga aka ɗauka sau ɗari. Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar tun 1976, da kayan aikin da ba su kai na yanzu ba, don ya yarda tarihinmu ya isa a zauna a kalla.

In Allah ya sa aka tashi yin fim ɗinki, ina da roƙo ga wanda zai yi. Kada ya fara da kofi. Ya fara da ƙofar kamfani da asuba, da layin masu neman aikin yini suna jiran a nuna su da yatsa. Jarumin ya kasance mutum biyu: ɗaya a fili, ɗaya a kan benen 'yan kallo da ƙurar auduga a ƙirjinsa. Kuma kada a wanke ki fiye da yadda kike. 'Yan wasanki ba Hausawa ne zalla ba, akwai 'yan kudu da 'yan tsakiyar ƙasa, wasu da Hausar Sabon Gari a bakinsu, kuma jama'ar birni sun yi musu kirari ba tare da tambayar garinsu ko addininsu ba. Sunan da ke ƙirjin rigar na baƙo ne daga Tarabulus. Wannan ita ce Kanon da ta ci kofi, shekara takwas kacal bayan yaƙin basasa, shekara biyu kafin tarzomar Maitatsine ta Disambar 1980. Duk wanda ya goge wannan don ya faranta wa masu kallon yau, ya yi miki ƙarya.

Haka nan kada a mai da masana'antun aljanna. An yi wa leburori ƙaramin albashi, an riƙe mutane shekaru a matsayin 'yan wucin gadi, injin ya cinye yatsun wasu aka sallame su da abin da bai taka kara ya karya ba. Ruwan majemu ya gurɓata kogin Challawa, na Bompai ya bi ta Getsi ya haɗu da Jakara, manoman lambu da masunta suka sha da shi. Ma'aikatan Kano sun yi yajin aiki a 1971 kan ƙarin albashin Adebo, don ba a ba su haƙƙinsu da daɗin rai ba. Wani Ba'amurke mai suna Paul Lubeck ya zauna da leburorin nan ya rubuta littafi guda a kansu, ya fito a 1986. Ya kamata marubucin fim ɗinki ya karanta shi kafin ya ɗora alƙalami. Masu fim ɗin Sonja sun nuna aibinta, mutuncinta bai ragu ba, sai ma ta zama mutum a idon mai kallo. Ke ma kin isa a faɗi gaskiyarki.

Abin da ya sa na ƙagu shi ne lokaci. Sonja ta bar finafinai fiye da goma da ta fito a ciki, ta bar gidan adana zane-zane da ita da mijinta Niels Onstad suka buɗe a kusa da Oslo a 1968, da kofunanta a jere a ciki. Masu fim ɗinta sun tarar da kaya a ajiye. Naki kayan yawancinsu a ƙirjin mutane suke. Wanda ya buga miki yana ɗan shekara 22 a 1978, yau ya doshi saba'in ko ya haura. Haka masu ɗaukar jaka, da direban motarki, da 'yan kallon da suka bi ki Kaduna. Kowace shekara ana ɗauke wasu, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Fim yana iya jiran kuɗi, amma hira da tsoho ba ta jira.

Kuma matakin farko ba ya bukatar miliyoyi. Ɗaliban sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero za su iya ɗaukar waya mai kyamara su bi tsofaffin 'yan wasa gida-gida, a Sabon Gari da Fagge da Birged, da waɗanda suka koma Ibadan ko Jos, su zauna su bar su su yi magana har su gaji. A yi haka da tsofaffin masaƙa da majema, don labarin ɗaya ne. A je Kaduna, Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, a buɗe jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na 1977 zuwa 1979, a ɗauki hoton kowane shafin wasanni. A nemi izinin shiga ɗakunan ajiyar NTA da Rediyon Kano, duk faifan da aka samu a juye shi a kwamfuta kafin zafi da ƙura su gama da shi. A rubuta wa Fluminense takarda a roƙi kwafin hotunan wasan Kaduna. A roƙi iyalai su fito da tsofaffin riguna da katin aiki da hotunan da ke ƙasan adaka, a ware musu ɗaki a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Masu masana'antun da suka rage a Sharada da Challawa da Bompai su ne suka fi cancanta su biya kuɗin wannan aiki, don gadonsu ne, kuma abin da za a kashe bai kai man janareton wata guda ba.

Ni dai na ɗauki nawa kason. Akwai abokan aikin mahaifina da suka rage, zan fara da su, in Allah ya yarda, kafin azumi mai zuwa.

Wassalam.

Naki,
ɗan wani masaƙi daga Bompai